Rufin da Bai Taɓa Yoyo Ba

Yaya Saude, Baba ya yarda! Yau dai ya yarda a kware rufin ɗakinsa. Tsaya in ajiye jakar nan, daga can nake, ko gida ban biya ba.

Kin san tunda aka fara gyaran Gidan Madugu, tsohon gidan ƙasan nan da masu sana'a ke aiki a ciki, kowa ya kwashe kayansa ya ba magina wuri. Masaƙa sun ba da ɗakinsu, masu sassaƙar ƙwarya sun bayar, sai ɗakin dukancin Baba kaɗai ya rage. Magina sun ce sai sun kankare ƙasar rufin duka sun duba azara. Shi kuma ya ce rufin da mahaifinsa ya yaɓe da hannunsa, shi ma yake ƙara masa ƙasa duk shekara, bai taɓa ɗigo ba, me za a duba? Mai unguwa ya ce in damina ta sauka a haka, rufe ɗakin za a yi, Baba ya nemi wani wuri.

To da aka tashe mu daga makaranta na biya in gaishe shi, sai na tarar da Iya Tabawa, tsohuwar nan mai saƙar faifai a zaure, ta zauna a bakin ƙofarsa. Ba ta yi masa maganar magina ba sam. Tana saƙarta ta ce, "Ɗanladi, bari in ba ka wani misali." Ga yadda ta faɗa, ban rage komai ba.

Wai an yi wani masaƙi da ya gaji soro daga ubansa. Babu abin da yake tsoro kamar ɗigon ruwa a kan zare. Duk shekara, kafin hadari ya fara haɗuwa, sai ya kwaɓa ƙasa ya hau sama ya yaɓe. Maƙwabtansa kan fara kankare tsohon yaɓe tukuna, su bar rufi tsirara kwana da kwanaki, su ciro azarar da gara ta ci su sa wata, sannan su mayar da ƙasa kaɗan. Shi bai ga dalilin zubar da ƙasar da ta tsare shi bara ba. Sabuwa yake ɗorawa a kan tsohuwa. Rufinsa ya yi kauri har ya ɗara na kowa tsayi, indararonsa ya nutse cikin ƙasa sai bakinsa ake gani. Ɗakunan maƙwabta kan yi ɗan yoyo a ruwan farko, su tara kwano, su hau su toshe. Nasa ko ɗigo. In an yi baƙo, rufin yake fara nuna masa kafin saƙa.

Wata shekara ƙofar ɗakin ta fara cijewa, sai ya sa aka sassaƙe samanta. Wata shekarar hularsa ta fara gogar azara in ya miƙe, sai ya koyi sunkuyawa. Ƙasa takan zubo kaɗan-kaɗan a kan saƙa, ya hure ya ci gaba. Har aka shiga wata marka, ruwa ya wuni yana zuba a hankali, rufin ya sha ya ƙoshi. Ƙasar ba ta bar ɗigo ɗaya ya wuce ba, duk ta riƙe a jikinta. Azarar da ba wanda ya kalla tun zamanin ubansa ta gaji. Yana masallaci la'asar aka ji ƙara. Da ya dawo, ya sami masaƙarsa da zarensa da turamen mutane a ƙarƙashin tudun laka. Masu haƙa suka riƙa ganin yaɓen hawa-hawa, na kowace shekara daban, duk lafiyayye. Itacen da ke ɗauke da su kuwa gara ta mayar da shi gari.

Nan Iya ta ciji zaren kaba.

Baba yana yankan ƙirgi bai ɗago ba. Ya ce, "Iya, ai ni ba masaƙi ba ne."

Ta ce, "Na sani, ɗan nan. Shi ya sa na ba ka labarin masaƙi."

Ya ajiye wuƙar. Ya miƙe ya ɗaga hannu, sai ga tafinsa a jikin azara, ko miƙewa sosai bai yi ba. Ya ce yana yaro mahaifinsa sai ya taka turmi yake rataye fata a wurin. Ya danna da babban yatsa, Yaya, yatsan ya shige. Gari ya zubo masa a hannun riga.

Ya karkaɗe, ya juyo ya ce da ni, "Ke, je ki ce wa babban magini ya zo da tsani gobe da safe. Ki ja shi gefe, ban da gaban mutane."

Iya ta tattara kabarta ta miƙe da kyar, tana cewa, "Haka Hausawa suka ce: garin neman ƙiba aka samo rama."

Don Allah Yaya, kada ki gaya wa kowa tukuna, ko Umma. So yake gobe in an gan shi a saman rufin, a ce shi ya yi tunanin da kansa.