Kwano Na Biyu

An yi wata mata da ta shekara ashirin da uku tana yi wa mijinta ɗanwake bayan Azahar. Shi masaƙi ne. Idan ya ji ƙamshin man gyaɗa sai ya ajiye saƙa ya shigo, su zauna gindin darbejiya, yana ci yana tsokanarta wai yajinta ya fi bakinta zafi. Da Allah Ya karɓi ransa, ta yi takaba ta gama, masu gaisuwa suka watse, amma hannunta bai daina auna gari gwangwani biyu ba. Takan zuba kwano biyu kamar yadda ta saba. Ta cinye nata, ta dubi nasa yana tururi babu mai taɓawa, wani abu ya tokare mata ƙirji, sai ta jawo shi ta danne abin da loma. Ƙirjin yakan lafa na ɗan lokaci, kafin La'asar abin ya dawo, ta nemi ƙuli ko ɗumame. Haka damina ta wuce. Zani ya daina zagaye ta, gwiwoyi suka fara ciwo, har sujada ta soma gagararta, ita da take son ta daɗe a ƙasa tana yi masa addu'a.

Wata rana tsohuwar da ke maƙwabtaka da ita, wadda ta rasa nata mijin tun da daɗewa, ta shigo neman kanwa, ta tarar da ita ta miƙa hannu ga kwano na biyu. Ta ce, "'Yar nan, na wa ne wannan?" Ta ce, "Na Malam ne, Inna." Tsohuwa ta zauna a kan tabarma ta ce, "Ai ba yunwa ke damunki ba, kewa ce, ita kuwa ba ta da ciki balle ta ƙoshi. Miƙo mini shi, ke kuma ki ba ni labarinsa." Tsohuwa na ci, ita tana faɗin yadda ya fara ganinta a bakin rijiya, har guga ya suɓuce masa. Ta yi dariya, ta yi kukan da ta yi wata bakwai tana haɗiyewa. Ranar har Magariba ba ta nemi komai ba sai ruwa. Tun daga nan, idan ƙirjin ya tokare, mayafinta take ɗauka ta nufi gidan Inna.

Gaskiyar Hausawa da suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.