Firjin Baba Direba

Tun kafin su bar unguwa Baba Direba ya kafa doka: ba mai buɗe firjin nan sai matarsa Inna, ita ma safe da yamma kawai, in za ta ɗauki allurarta.

Tsohuwar mota ce ya saya bayan ya ajiye aiki, irin mai ɗaki a baya, da gado da ɗan firji wanda bai fi akwatin kaya ba. Da ita ya ce zai kai Inna gidan Auta, tafiyar kwanaki, a tsakiyar zafin da ko ƙadangare ba ya leƙowa. Yara suka taso masa. Babban ɗansu ya faɗa masa a gaban uwar: allurar suga ba ta shiri da zafi, in firji ya gaza a hanya a kira shi ya zo ya kwashe su, kuma daga ranar Baba ya miƙa makulli ke nan. Baba ya ce ya ji. Mutumin da ya tsufa a bayan sitiyari, wai shi ake yi wa maganar makulli.

Sai ya shiga yi wa firji hidimar da bai taɓa yi wa Inna ba, ko lokacin da take da ciki.

Ya sayo 'yar fanka, ya durƙusa, ya zura hannu bayan firjin yana lalube har ya samar mata wuri a soket, don ta riƙa korar zafin da ke taruwa a lungun. Ya toshe taga da kwali. Ya jiƙa buhu ya rataya ta waje. In za a tsaya, sai ya yi ta juya mota gaba da baya har gefen firji ya samu inuwa, gefen gado kuwa rana ta yi yadda ta ga dama da shi. Inna ta ce ita ma a jiƙa mata buhu. Ya ce ai ita ba ta lalacewa.

Ranar farko da yamma ta buɗe firjin, ta daɗe a tsugune, sannan ta rufe. Ya tambaya ko lafiya, ta ce gwiwa ce. Ta ce ya tsaya mata a gidan mai na gaba, fitsari ya matse ta.

Daga nan ba gidan man da suka wuce ba su tsaya ba. Ta saɓa ƙatuwar jakarta ta tafi, ta dawo kafaɗa ɗaya ta rinjayi ɗaya, ta ce ya fita ya duba taya za ta kimtsa. Ya ce bai taɓa ganin mai shiga bayan gida da jaka ba. Ta ce abin da ke cikin jakar mata ba ruwan direba da shi.

Ruwa ya fara ɗiga a ƙarƙashin firjin. Baba ya ce gumi ne, alamar aiki. In ya kasa kunne ba ya jin komai sai kaɗawar fanka, ya ce haka inji mai lafiya yake, ba ya surutu. Kullum da safe Inna takan miƙa masa gorar ruwa mai sanyi har cikin haƙori. Ya kurɓa, ya lumshe ido.

"Kin ga aikin fanka?"

"Na gani, Direba. Sannu da ƙoƙari."

Da suka isa, Auta ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce a nuna mata allura. Inna ta shiga, ta fito da ita, ta ɗora mata a kunci. Sanyi ƙalau. Auta ta buga wa yayanta waya, ya ce to, ya janye maganarsa. Baba ya jefa makulli a aljihu, ya dafa aljihun sau biyu.

Aka ce ɗakin baƙi ba fanka. Baba ya ce yana da wata wadda ta ga duniya. Ya koma mota, ya ja firjin gaba don ya cire ta. Soket ɗin gurbi ɗaya tak gare shi, fanka ce a ciki. A ƙasa wani filogi na kwance cikin ƙura. Ya juya shi, ya duba, ya cusa shi a gurbin fankar. Firji ya girgiza, ya kama wani gurnani da Baba bai ji ba tun ranar da suka bar gida.

Ya waiwaya, ba kowa. Ya karya dokarsa, ya buɗe.

Kular abincin Inna ce zaune a tsakiya, da tawul ɗin da take naɗe allura, kewaye da ƙanƙara, a ƙasa kuma jiƙaƙƙun ledoji ninke tsaf, kowace da tambarin gidan man da fitsari ya matse ta.