Farin Furen Vihren

Dab da ƙololuwar dutsen Vihren Radko ya tsaya yana haki, ya buɗe tafin hannunsa a gaban Nevena. Farin furen nan ne mai laushin auduga, wanda samarin ƙauyensu ke hawa su tsinko wa wadda za su aura.

"Haka kakana ya yi wa kakata," ya ce. "Ki aure ni."

Ba ta dubi fuskarsa ba. Idonta na kan saiwar da ke lilo. Ita ce mai gadin wannan gangaren, da hannunta ta kewaye shi da igiya don kada masu hawa su taka.

"Ka tsallaka igiyata?"

"Saboda ke. Saura kaɗan in faɗa rami."

"Har da saiwa, Radko? Shi kaɗai ya rage a nan. Kai kaɗai na nuna wa."

Ya dubi furen da ke hannunsa. "To, bari in mayar."

Ta share ido da bayan hannu, ta kama hanyar sauka.

"Mayar mana. In ya kama, ka zo gidanmu."

Ya durƙusa yana tonon tsakuwa da farce. Furen kuwa har ya fara langaɓewa.