Fijon da Baba Ya Bari

Kan Mashkura na cikin injin tsohuwar Fijon da mahaifinta ya rasu ya bari, Badamasi mai neman aurenta ya yi sallama. Shekara biyu ke nan tana fama da motar a bayan gidansu da ke Illo, jiya ma ta ɗaura mata kafreta da ta samo daga tsallaken Benin.

Ya tsaya nesa, kada baƙin mai ya taɓa masa shadda.

"Inna ta ce ba ta kai lefe gidan makanikiya," ya faɗa, idonsa a ƙasa. "Ki sayar da motag ga, a wuce wurin."

Ta ɗago ta dube shi.

"Na ji ta Inna. Kai mi kac ce?"

Ya gyara hula, ya kau da kai.

Ta jira. Sannan ta rufe bonet, ta shiga ta murza makulli. Motar ta yi tari sau biyu, ta kama, karon farko tun rasuwar Baba.

"Kauce min, Badamasi," ta ce, idonta jawur. "Ban gyara birki ba tukuna."