Gwanin Yashi a Kan Kwalta

Tunda ka ce shekara goma kana kan babur, don haka mota ba za ta ba ka wuya ba, gyara zama ka ji labarin wanda ya dame ka ya shanye.

A wani ƙauye da ke bayan gulbi an yi wani mai babur wanda ko maƙiyinsa ba ya musun gwanintarsa. Tsakanin ƙauyen da bakin titi tafiyar awa guda ce a cikin yashi, irin mai laushin nan da ke haɗiye taya. Baƙo in ya shiga, da ya ji babur ya fara rawa sai tsoro ya sa ya danne birki, nan take kuwa ya sha ƙasa. Shi mutumin nan tun yana saurayi ya gano cewa yashi ba ya son mai ɗari-ɗari. In gaba ya fara lilo, sai ka ja jiki baya ka murɗa totur, babur ya miƙe da kansa. Shekara ashirin yana haka. Ya ɗauko buhunan gero, ya ɗauko mai naƙuda, ya taɓa ɗauko tsoho da akuyarsa a cinya, bai zubar da kowa ba ko sau ɗaya. Har abin ya bar kansa ya koma jikinsa, ba ya tunani, hannu ne kawai ke aiki. To, sai ƙaninsa da ke birni ya aiko masa da wata tsohuwar mota, aka ajiye ta a garin bakin titi tunda ba ta iya shiga yashi. Kwana uku ya yi yana zagaya filin ƙwallo da ita, ya ce ya iya. Wani tsohon direban babbar mota da ya ajiye aiki a garin ya ce masa ya zo su hau kwalta tare ko na mako biyu ne, don ƙafa ta koyi nata karatun. Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, wanda ya tsai da mai ƙafa biyu a tsakiyar gulbi, mai ƙafa huɗu ce za ta gagare shi?" Tsoho ya dube shi, ya ci gaba da jan carbinsa.

Mahaifiyar mai babur kuwa, yanar ido ta rufe mata idanu duka biyu, shekara uku ba ta bambance fuskar jikokinta sai da murya. Aka samu rana a asibitin ido na birni, likita ya ce aiki ne ƙarami, in an yi za ta gani. Tsohon direba ya aiko cewa shi zai kai ta, ko sisi ba ya so. Tsohuwa ta ƙi. Mai babur ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa, sai cewa ta yi, "Wancan dai ya kai ni, a bayansa ban san tsoro ba." Da hantsi ya goyo ta a babur ya ratsa yashin nan da ita kamar tana zaune a kan tabarma, ya sa ta a mota, suka hau titi. Tafiya ta yi daɗi har wata kwana inda tifofi masu ɗibar yashi suke haurowa daga rafi, kullum suna barbaɗar da shi a kan kwalta. Ya shigo kwanar da gudu, tayoyin baya suka taka yashin, mota ta fara jan gindi gefe. Abin da ake so a nan ɗan kaɗan ne: ka sassauta ƙafa, ka riƙe sitiyari, ka bar ta ta dawo hayyacinta. Da an tambaye shi a zaune, wataƙila da ya faɗi haka. Amma jikinsa ya ji rawar nan da ya sani tun yana saurayi, ya ba da amsar da ya saba bayarwa. Ya ja baya a kujera, ya take totur har ƙasa. Mota ta juya sau biyu ta daki kwalbati ta ɓangaren da tsohuwa take.

Shi ko ƙwarzane bai yi ba. Ita ƙugunta ya karye, kuma ƙashin tsufa ba ya jin lallashi. Ranar aikin ido ta wuce tana kwance wurin mai ɗori, daga nan aka kai ta gida a amalanken shanu, ba ta sake fitowa ba, don babu mai iya ɗora ta a babur kuma. Ga makanta, ga zaman ɗaki. Amma abin da ya fi ƙona mini rai, har yau in ka same shi a tasha ka tayar da zancen, sai ya ce tayar motar ce ta suɗe, ko kuma masu tifa ne ba su da imani. In ka matsa masa, sai ya kawar da kai ya ce, "Da babur ne, da na fita." Gaskiya ya faɗa, da babur ne da ya fita. Sai dai ba babur ba ne, kuma uwarsa ce a ciki.

Saboda haka, kafin ka karɓi makullin motar nan, je ka nemi wanda zai zauna kusa da kai ya kwance maka abin da babur ya ɗaura. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, sabo turken wawa.