Gas Ɗin Da Ba Ya Ƙarewa

"Ɗanɗana ka ji, Babayo. Wannan aikin gawayi ne, ba gas ɗinku na malalata ba."

Haka mijina, Baban Raliya, yake cika wa abokinsa baki duk Juma'a a bayan gidanmu na haya a garin Shiling na ƙasar Chana, tun shekarar da aka yi wasannin Olamfik a ƙasar. Wai ko ido rufe harshensa zai gane naman gas.

Ni dai sai in sunkuyar da kai. Hayaƙin gawayi yana tayar mini da asma, ga shi ba na son in rage masa jin daɗi. Sai na sayi ƙaramar tukunyar gas na ɓoye bayan kwalayen jakunkunan da muke fatauci. Yana tafiya masallaci zan gasa tsirena, in sa garwashi ɗaya da ɗigon mai a cikin kwanon in rufe. Nan da nan ƙamshin gawayi ya kama naman.

Shekara biyu gas ɗin nan bai ƙare ba. Har ina gaya wa mata, "Kayan Chana akwai auki!"

Da Allah ya yi masa rasuwa, ko arba'in ba a yi ba gas ɗin ya ƙare. Na kinkimi tukunyar na kai wa 'yar Chana mai shagon sayar da gas.

Ta ce, "Ina maigida?"

Na ce, "Ya rasu."

Ta ce, "Duk wata shi yake kawo ta a cika. Ya ce kada in gaya wa madam, tana jin daɗin wayonta."