Alif ɗin Askin Baba

Duk Juma'a Baba yakan gyara fuska da sabulu da reza, sannan ya jiƙa ɗan dunƙulen alif ya goga inda ya yanke, yana cije baki.

Wata Juma'a da damina, Inna ba ta nan, sai ga malamin Baba daga Ƴargalma. Aka ce in kawo ruwa, na randarmu kuwa jawur, na rafi ne. Na san da alif Inna take kwantar da laka, amma nata ya ƙare. Na ɗauki na Baba na kaɗa a kwanon sha, ruwa ya yi garau, na kai ina jin kaina.

Malam ya miƙo hannu, Baba ya riga shi. Sai a lokacin na ga guntayen gashin gemu suna yawo a sama. Baba ya kafa kai ya shanye tas.

"Gafarta Malam, ƙishirwa ta ci ƙarfina. Ɗiyata, amso mishi wani maƙwabta."

Ya sha ruwan malaminsa a gabansa, ya ɗauki rashin ladabin a kansa. Har ya rasu bai tayar da maganar ba. Ni kuwa har yau in na ga alif a kasuwa, sai in sunkuyar da kai.